Ƙyauren Mangazar Alhaji Barau

Ni Daso, ni ke karɓar haihuwa a unguwarmu a Dungas, ni ke kuma wanke matanmu idan sun mutu. Hannuna ya taɓa gawa iri-iri, ta mai naƙuda, ta tsohuwa, ta waɗanda yunwa ta kwashe a shekarun fari. Duk na wanke su, na ce Allah ya ji ƙansu, na koma gida na ci tuwona. Gawa ɗaya ce har yau in na tuna ta tuwon ke tsaya mini a wuya, gawar Hinda ta gidan Alhaji Barau. An ce in yi shiru, wai ba a tone-tone bayan mutuwa. To ban yi ba, ba kuma zan yi ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ni na yanke masa cibi ranar da ya zo duniya, shi ya sa ko da ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya da rawani, ni Barau nake ce masa gatsal. Hinda kuwa matar wansa ce, marigayi Jibo. Fari ya cinye dabbobinsu, ciwo ya ɗauke Jibo, ba ta da ɗa a raye, sai ta ƙulle ƴan kayanta ta taho gidan ƙanen mijinta. Mace ce doguwa, mai ƙarfi, marar magana. In baƙi suna nan, Yaya Hinda Barau yake ce mata, har da sunkuyar da kai.

Shekarar da cutar darɓa ta kashe gyaɗa, duk mai wayo ya koma kan wake. Barau ya riƙa sayen wake da kaka, ya jibge a mangazar da ya gina cikin gida, sai ya yi tsada ya loda a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Maigatari. Amma wake ba ya zama, ƙwari ke huda shi. Sai ya samo wani farin garin magani daga tsallaken iyaka, cikin buhunan takarda masu rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Warinsa kaɗai in ya bugi mutum sai kansa ya sara. Yadda ake aikin shi ne a zazzage wake a ƙasa, a barbaɗa garin, a gauraya da hannu har ya game ko'ina, sannan a mayar cikin buhu. Barau kuma ya kafa doka, ba a yi sai an rufe ƙyaure, an toshe taga da tsumma. Wai iska tana sace ƙarfin maganin.

Ƴan dako ya fara sawa. Wuni ɗaya suka yi, suka fito suna amai a bakin kwata. Babbansu, Manzo, ya share baki ya ce, "Alhaji, dako muka sani. In ɗaukar buhu ne, ga mu. Gaurayar nan kam nemi wani."

Bai je da nisa ba wajen neman. Washegari Hinda ce a ciki.

Ranar da na fara ganin abin da idona, aron rariya ya kai ni gidan. Na tarar da Hajiya Rakiya, matar Barau, durƙushe gaban wata randa tana tonon wake daga cikin toka, irin ajiyar da iyayenmu ke yi.

Na ce, "Ke kuwa Rakiya, ga wake mangaza guda har rufi, kina wahalar da kanki da tonon toka?"

Ta ce, "Ai wancan na kasuwa ne, Inna. Alhaji ya hana a dafa shi a gidan nan."

Ba ta rufe baki ba ƙyauren mangaza ya buɗe. Hinda ta fito fari fat tun daga gira har tafin ƙafa, idanu jajur, hawaye sun yi mata layi biyu a kumatu. Ta dafa bango ta yi ta tari har ta durƙusa. Da ta ga ni ce sai ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Sannu Inna Daso. An wuni lafiya?"

"Ni dai lafiya. Ke fa?"

"Lafiya lau. Atishawa ce kawai."

Na dubi Rakiya, Rakiya ta dubi randarta. Tun ranar na san sun sani. Mutum ba ya hana a dafa abu a gidansa sai ya san abin da ke cikinsa.

Kaka ta wuce, wake na ta shigowa a kan jakuna, Hinda na ta gauraya. Hannayenta suka fara tsagewa, fatar ta yi ja ta kwaile har gwiwar hannu. Rakiya ta ce ƙazwa ce, ta ba ta man shanu ta shafa. Kanta ya riƙa ciwo, in ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Barau ya ce tsufa ne, macen da ba ta kai ni rabin wahalar duniya ba. Tarin kuwa ya zauna mata daram. Daga gidana ina jin sa ta katanga tun asuba, busasshen tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

Tarin nan ne suka mayar makami. Wata safiya na shiga na ga ƙwaryar Hinda da ludayinta an ware su can gindin turmi, an ɗaura wa ƙwaryar jan zare don kada wani ya sha da ita.

Na ce, "Wannan fa?"

Rakiya ta rage murya. "Inna, tarin nan nata ba na Allah da Annabi ba ne. Alhaji yana jin tibi ne, tarin fuka. Ga yara a gida. Dole muka raba mata kwano da makwanci."

"Ina kuka kai ta?"

Ta nuna mangaza da haɓa. "Can ya fi. Ba mai damunta, ga shi kuma ta zama gadi, ɓarayin wake sun yi yawa."

Ɗakin da ya ba ta tarin, cikinsa suka kai tabarmarta saboda tarin. Da rana ta gauraya, da dare ta kwana tana shaƙa. Ban ko ajiye mayafi ba na nufi zaure, inda Barau ke kishingiɗe yana jan carbi.

Na ce, "Barau, kai da Allah, matar wanka za ka kwantar cikin guba?"

Ya tashi zaune yana murmushin nan nasa na ƴan kasuwa. "Haba Inna, wace irin guba? Maganin ƙwari ne. Ƙwaro ɗan mitsitsi yake kashewa. Yaya Hinda ƙwaro ce?"

"To me ya sa ba ka cin waken?"

"Wannan kuma tsarin gida ne." Ya haɗe rai. "Inna, lokacin da mutane ke haƙar gidan tururuwa suna neman tsaba, wa ya buɗe mata ƙofa? Ni ne. Ta ci, ta sha, ta yi sutura. Yanzu don ta ɗan taimaka da aikin gida sai ya zama abin magana?"

"Kai ta likita a Magariya, a duba ta."

"Za a kai ta. Bari wannan lodin ya fita."

Lodin ya fita, wani ya shigo.

Ana haka Babbar Salla ta matso. Barau ya sayi wani rago fari ƙato, na nuna wa tsara, ya sa aka ɗaure shi a inuwar mangaza, dab da ƙyaure, inda ake kakkaɓe buhunan da aka zazzage. Ba a daɗe ba rago ya daina cin harawa, yawu na dalala daga bakinsa, ƙafafunsa na rawa. Ku zo ku ga tashin hankali! Barau ya rasa inda zai sa kansa. Nan da nan aka kwance rago aka mayar da shi can ƙuryar gida ƙarƙashin itacen bedi, aka wanke shi da sabulu, aka ɗura masa nono ƙwarya guda, don kowa ya san nono ake ba wanda ya sha guba. Ya kuma aika aka kirawo malamin dabbobi, Malam Mutari, ya zo a kan ɗan babur ɗinsa mobilet.

Ni kuwa ina laɓe a bakin ƙofata ina jira. Da na ji ya gama da rago, na shiga na riƙe hannun rigarsa.

Na ce, "Ɗana, ka duba na masu ƙafa huɗu. Zo ka ga mai ƙafa biyu."

Ya ce shi ba likitan mutane ba ne. Na ce ko ido ai kana da shi. Na ja shi har mangaza na tura ƙyaure. Ya yi taku ɗaya ya ja da baya yana toshe hanci. Hinda tana zaune tsakiyar wake, hannayenta cikin garin har wuyan hannu, suna karkarwa irin ta ƙafafun ragon. Malam Mutari ya tsaya yana kallonta, sannan ya juya wajen Barau da ya biyo mu.

"Alhaji, abin da ya kama ragonka shi ke cin matar nan. Ka fitar da ita daga ɗakin nan yau, ka kai ta Magariya. Garin nan ba a taɓa shi da hannu, balle a rufe mutum da shi."

Barau ya ce, "Tibi ne ke damunta."

"Ko ma mene ne, fitar da ita. Soja sun jingine babbar dokar ƙasa, amma ba su jingine ran mutum ba. Dokar aiki tana nan. Duk wanda ka sa aiki, lafiyarsa tana wuyanka. In maganar ta je gaban kumandan mai mulki a Magariya ba za ta yi maka daɗi ba."

Sai Barau ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa yana jansa zuwa zaure. "Malam Mutari, wannan dokar ta ma'aikata ce, masu albashi. Ni ba ni da ma'aikaciya. Wannan ƴar gida ce, matar wana ce, uwa ce a gare ni. Kumandan zai shiga tsakanin mutum da iyalinsa?"

Kun ji fa. In za a raba nama da turamen Salla, mai aiki ce, tana can gindin turmi da ƙwaryarta mai jan zare. In aka ambaci doka, ta zama uwa. Malam Mutari ya girgiza kai, ya ce zai yi magana da malamin likita. Wataƙila ya yi, wataƙila bai yi ba. Ni dai ban ga kowa ya zo ba. Rago kuwa ya warke sumul, aka yanka shi ranar Salla, unguwa ta yi ta yaba kitsensa.

Kashegarin Salla Barau ya tafi Maigatari. Na shiga gidan ban yi wa kowa sallama ba, na naɗe tabarmar Hinda, na kama hannunta.

Rakiya ta ce, "Inna, me zan ce wa Alhaji?"

Na ce, "Ki ce Daso ta sace ta. Ya kai ni wajen jandarma su kulle ni."

Na kai ta ɗakina. Na yi mata wanka da ruwan ɗumi, na wanke kanta sai da ruwan ya daina fitowa fari. Na shimfiɗa mata a rumfa inda iska ke kaɗawa, na riƙa ba ta kunu da nonon akuyata. Jama'a, kafin sati ya zagayo tarin ya lafa. Hannun ya fara bushewa. Har ta zauna tana taya ni kaɗin auduga, tana ba ni labarin wata saniyarsu da ke buɗe ƙofar rumbu da ƙaho. Ranar na fara jin dariyar Hinda. Wane irin tibi ne ke warkewa da rumfa da kunu?

Barau ya dawo ya tarar da sabon wake jibge a tsakar gida ba mai gauraya. Da yake ya san halina, bai zo da faɗa ba. Ya zo da la'asar, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Hinda har ƙasa.

"Yaya, me na yi miki? Duk kasuwa ana nuna ni da baki, wai na kori matar Jibo, tana kwana a rumfar maƙwabta. Sunan wana kike so ya ɓaci? Shi da ya bar mini amanarki?"

Na ce, "Amanar ce ka zuba wa garin magani."

Bai ko dube ni ba. "Yaya, ki dawo ɗakinki. Wannan lodin kaɗai ya rage. Yana fita, ni da kaina zan sa ki gaban kamiyo in kai ki Magariya. Na rantse."

Hinda ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan abawar da ke hannunta. Na san an gama da ita tun da ya ambaci Jibo. Bayan ya fita na roƙe ta, na zage ta, na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai ta taka ni.

Ta ce, "Inna Daso, ki yafe mini. Na ci tuwon gidan nan lokacin da babu. In na zauna nan, za a ce Jibo bai bar kowa ba. Lodi ɗaya ne."

"Zai kashe ki, Hinda."

"Rai na Allah ne."

"Na Allah ne, shi ya sa ba na Barau ba ne!"

Ta ɗauki tabarmarta ta raɓa ta gefena ta wuce. Na ji haushinta ranar, na ji haushin kunyar nan da aka shayar da mu tun muna goye, wadda ke sa mace ta gode wa mai cin ranta.

Daga nan abin ya zo da sauri. Ta fara faɗuwa. Tana cikin aiki sai jikinta ya sandare, ta riƙa shure-shure, kumfa na fita ta baki. Nan ma ba su rasa abin cewa ba. Rakiya ta ce iska ce, ai dama an ce mangazar kan hanyar aljanu aka gina ta. Barau ya kawo malami ya yi rubutu, aka wanke allo aka ba ta ta sha, aka turara mata hayaƙi, cikin ɗakin, ƙyaure a rufe. Wai kada hayaƙin ya fita.

Wata rana da hantsi na same ta zaune a bakin mangaza, ta jingina da bango, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Rakiya na dama furar Alhaji a gefe. Hinda, wadda ban taɓa jin ta roƙi ko gishiri ba, ta ɗaga kai.

"Rakiya, ko za ki ɗan sam mini nonon nan? Ƙirjina ke zafi."

Rakiya ta leƙa ƙwaryar. "Wayyo Yaya, daidai na furar Alhaji ne. Bafillatanar ba ta kawo da yawa ba yau. Gobe in Allah ya kai mu."

Na ce, "Ragon ma ƙwarya guda kuka ba shi."

Na koma gida na tatso akuyata na kawo mata. Ta kurɓa sau biyu ta kasa. Ranar kamiyo na tsaye a ƙofar gida ana lodi. Na je na tare Barau na ce ga mota, ga rantsuwarka. Ya ce gaban motar ya cika, dillalai biyu za su bi shi, kuma ai hanyar Maigatari daban ta Magariya daban. In ya dawo. Na je wajen mai unguwa, ya ce sha'anin cikin gida ne. Na je wajen liman, Malam Hamman, ya ce zai yi masa nasiha bayan Juma'a. Kowa na da ranar da zai yi magana, ita kuwa ranakunta na ƙarewa.

Ba ta kai Juma'ar ba. Da rana ta ɗaga, aka ga ƙyauren mangaza bai buɗe ba. Rakiya ta tura shi ta leƙa, ta ƙwala ihu. Aka aiko a kira ni, kamar yadda ake kirana kowane gida.

Kafin in isa gida ya cika. Liman na nan, mai unguwa na nan, su Manzo ƴan dako na tsaye jikin katanga. Barau ya dawo daren jiya da sabon garin magani, an kuma barbaɗa shi a ɗakin tun kafin ta kwanta. Warin ya cika tsakar gida. Yana tsaye cikin babbar riga yana share ido da bakin rawani, yana cewa, "Uwa na rasa, jama'a. Uwa na rasa."

Na leƙa. Tana can ƙurya bayan buhuna, a kan tabarmarta, ta dunƙule. Garin ya sauka a kanta kamar yadda ya sauka a kan waken.

Na juyo na ce, "Ba na wanka a ɗakin nan. Sai an fito da ita."

Barau ya ce, "Manzo, ku shiga ku ɗauko ta."

Manzo bai motsa ba. "Alhaji, mun faɗa maka tun farko. Buhu muke ɗauka."

Na ce, "Ƴan dako kuma? Ashe kaya ce? Ba kai ka ce wa malamin dabbobi ƴar gida ce ba? Yanzu-yanzu ba ka ce uwa ka rasa ba? To uwarka ce kwance. Ni zan kama tabarma ta wajen kai, kai ka kama ta wajen ƙafa. Zo mu je."

Barau ya dubi liman yana neman ceto. Malam Hamman ya ce a hankali, "Gaskiya ta faɗa, Alhaji. Haƙƙinka ne."

Na shiga da fuskata a buɗe. Da na waiwaya sai na ga abin da duk unguwa ta gani. Barau ya tsaya a bakin ƙofa, ya warware jelar rawaninsa, ya naɗe hanci da baki, ya sake naɗewa, sai idanu kaɗai. Mutumin da ya ce ƙwaro ɗan mitsitsi garin ke kashewa.

Ya shigo yana ɗage riga. Muka kama tabarma muka ɗaga. Ba mu kai tsakiyar ɗakin ba tari ya sarƙe shi. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ya kasa. Sai kawai ya saki. Ƙafafun Hinda suka bugi ƙasa, garin ya tashi. Ya yi waje da gudu yana tuntuɓe da buhuna, yana fizge rawani, yana ihu da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba.

"Nono! Rakiya, nono! Ku kawo mini nono, na shaƙa!"

Na tsaya ni kaɗai da ita. Na ce, "Yi haƙuri, Hinda. Wannan ne na ƙarshe da zai yi miki." Na kwance ɗankwalina na share mata fuska. Na durƙusa na jawo ta bayana, na ɗaure da mayafina, na goya ta. Ni tsohuwa, na goya macen da ta fi ni tsawo, ban ko yi nishi ba. Ba abin da ya rage a jikinta.

Da na fito, mata suka fashe da kuka. Maza suka kau da kai. Barau na zaune a kan turmi, ya kafa kai cikin ƙwarya yana kwankwaɗa, Rakiya na yi masa fifita. Nonon da babu shi ranar, yau ya samu.

A unguwarmu a kan ƙyaure muke wanke gawa, don kada ta kwanta cikin laka. Rakiya ta ce a ciro na ɗakin girki. Na ce a'a. Na nuna na mangaza, katako mai kauri, wanda aka yi ta rufewa a kanta.

"Wancan nake so. Manzo, ciro mini shi."

Wannan karon ba su jira a sake faɗa ba. Su huɗu suka kama shi, suka ɗaga, suka fizge shi daga mazauninsa. Wani ya sa sanda ya ture tsumman taga. Iska ta ratsa ɗakin, farin garin ya riƙa fitowa ta ƙofa yana bin hasken rana.

Sai Barau ya ɗago kai daga ƙwarya, nono na ɗiga daga gemunsa. Ya ga mangaza a buɗe. Ya manta da liman, ya manta da jama'a, ya manta da gawar da ke bayana. Ya miƙe zumbur.

"Kai, kai! Ku mayar da ƙyauren nan! Ƙarfin maganin zai fita, wake zai lalace!"

Malam Hamman ya dube shi ya daɗe, sannan ya juya masa baya. Su Manzo suka wuce da ƙyauren ta gabansa suka kai bayan ɗaki suka shimfiɗa.

A kansa na wanke ta. Ruwa uku na canza kafin ya daina fitowa fari. Na wanke hannayen nan da suka tsage, yatsa bayan yatsa, na sa mata turare, na naɗe ta da farin ƙyalle mai tsabta. Tun da ta shigo gidan nan, ranar ce kaɗai aka taɓa jikinta da mutunci.

Yanzu in kun ji mai gida yana cewa wance ai ƴar gida ce, ku tambaye shi inda take kwana, da ƙwaryar da take sha. Doka tana Yamai, kumandan yana Magariya, ba ɗayansu da ke leƙa bayan zaure. Mu maƙwabta mu ke jin tari ta katanga. Barau ya je ta'aziyya gidaje da yawa bayan wannan, ana ba shi tabarma, ana ce masa Alhaji. Ƙyauren dai bai koma ba. Na sa an jingine shi a bangon gidana ta waje, inda dole ya wuce shi duk lokacin da zai je masallaci. Ya aiko sau biyu a karɓa. Na ce ya zo da kansa ya ɗauka.